A Soki Buhu Kafin A Biya: Gajeren Gwajin Da Ke Hana Aikin Manhaja Rushewa

A manyan kasuwannin hatsi na Arewa, daga Dawanau a Kano har zuwa Sara a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, gogaggen mai sayen riɗi ko gero ba ya ƙirga kuɗi don ya ga bakin buhu kawai. Na sama kullum tsaf yake. Abin da yake yi shi ne ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai tsini da rami a ciki, ya soka wa buhun ta gefe ko ta gindi, ya zazzage 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya duba ko akwai yashi, tsakuwa, danshi ko ƙwari. Aikin bai kai minti ɗaya ba, abin da ya zube bai cika cokali biyu ba, amma da shi ake yanke shawarar cinikin miliyoyin naira.

Masu gina manhaja ma suna da irin wannan dabara. Suna kiranta sifaik, kalmar Turanci ce mai nufin doguwar ƙusa. A Hausa za a iya cewa gwajin leƙe: a ware ɗan lokaci ƙayyadadde, yini ɗaya ko biyu, a rubuta ɗan ƙaramin kod wanda ba a damu da kyansa ba, don a samu amsar tambaya guda ɗaya da ke iya rusa aikin gaba ɗaya. Idan an samu amsar sai a jefar da kod ɗin a riƙe ilimin.

Matasa da dama a Birnin Kudu, Dutse, Kano da sauran garuruwa sun koyi rubuta kod a waya ko a tsohuwar laftof, wasu ta YouTube, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Da yawansu sun fara karɓar aiki daga 'yan kasuwa, makarantu da ƙungiyoyin manoma. Abin da ya fi kayar da su a aikin farko shi ne abin da suka ɗauka tabbas ne alhali ba su taɓa gwada shi ba. Wannan dabara domin irin wannan ramin aka ƙirƙiro ta.

Daga ina dabarar ta fito?

A 1996 kamfanin motoci na Chrysler da ke Amurka ya ɗauko wani masanin manhaja mai suna Kent Beck don ya ceto aikin gina tsarin biyan albashin ma'aikata, wanda ake kira C3. A kan wannan aiki ne shi da Ron Jeffries da abokan aikinsu suka daidaita salon da daga baya aka sani da Extreme Programming, Beck kuma ya fitar da littafi a kansa a 1999. Ward Cunningham, mutumin da ya ƙirƙiro shafin wiki na farko a 1995, ya ba da labarin cewa idan shi da Beck suka maƙale a wani aiki, sukan nemi abu mafi sauƙi da za su rubuta wanda zai nuna musu ko suna kan hanya, kuma Beck ne ya laƙaba wa wannan sunan sifaik. Hoton da ke cikin sunan shi ne ƙusa: siririya ce, amma tana huda katako daga wannan gefe ta ɓulla wancan.

A watan Fabrairun 2001 mutum 17, ciki har da waɗannan ukun, suka haɗu a Snowbird da ke jihar Yuta suka rubuta ƙudurin da ya haifar da tsarin Ajayil. Jigon tsarin shi ne a daina ɗaukar shekara ana gini a ɓoye sannan a miƙa wa mai aiki. A maimakon haka a raba aiki zuwa gajerun zanguna, yawanci mako biyu, a ƙarshen kowane zango a nuna abin da ke aiki, a ji ra'ayi, a gyara.

Kafin a shiga zango, tawaga takan ƙiyasta tsawon lokacin da kowane aiki zai ci. Nan ne matsala ke ɓullowa. Idan aka ce a gina shafin shiga da lambar waya, wanda ya taɓa yi sau biyar zai ce kwana biyu kuma ya yi daidai. Idan kuwa aka ce manhaja ta riƙa aiki babu intanet sannan ta daidaita bayanai idan sabis ya dawo, kuma babu wanda ya taɓa yi a tawagar, duk lambar da aka faɗa cinikin biri a sama ne. A irin wannan wuri ake tsayawa a ce: a ba mutum ɗaya kwana biyu ya leƙo, idan ya dawo sai a yi ƙiyasi. Jagoran Scrum na hukuma bai ambaci sifaik ba, amma tawagogin da ke bin Scrum sun aro shi tun tuni saboda amfaninsa.

Hanyar da ba a taɓa bi ba

Wanda ke ganin wannan magana ta ƙananan ayyuka ce kawai, ya tuna ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara amfani da shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa, tun watan Agustan 2020 a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya. An yi amfani da shi a zaɓukan gwamnonin Edo, Ondo, Anambra, Ekiti da Osun. A ranar 4 ga Fabrairu, 2023 ma an yi gwajin tantance masu zaɓe da na'urar BVAS a rumfuna 436. Amma a ranar babban zaɓe sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa har dare.

Bayanin da hukumar ta bayar a rahotonta na 2024 shi ne, manhajar tana jera sakamako ne a ƙarƙashin jihohi. Kowane ɗan majalisa yana da jihar da yake ciki. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓa ɗaya ce tilo da ta game ƙasa duka, ba ta ƙarƙashin kowace jiha, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardun, sai ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Jam'iyyun adawa ba su gamsu ba, maganar ta kai har kotun ƙoli. Ko mutum ya yarda da bayanin ko bai yarda ba, darasin da ke ciki ga mai gina manhaja a fili yake: nasarar da tsari ya samu sau da yawa a hanya ɗaya ba ta ba da tabbaci a kan hanyar da bai taɓa bi ba.

Misali na biyu ya fi kusa da manomi. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka fara shirin GES, inda manomi ke samun saƙo a wayarsa ya je cibiya ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi. Tunanin mai kyau ne, kuma ya kai ga manoma masu yawa. Sai dai a ƙauyuka da dama rashin sabis ya hana tabbatar da manomi a cibiyar rabo, wasu kuma ba su da waya kwata-kwata. Sai a 2014 aka gwada wani salo a Sakkwato da Abuja mai amfani da kati da kwamfutar hannu da ke iya aiki ba tare da sabis ba. Tambayar ko akwai sabis a wurin rabo tambaya ce da ake iya amsawa da waya ɗaya da kuɗin mota.

A ɗauki misali daga Sara

Jigawa na cikin jihohin da ke kan gaba wajen noman riɗi da zoɓo, kasuwar Sara kuma na cikin manyan kasuwannin mako na jihar, tana jan mutane daga Gwaram, Birnin Kudu da maƙwabciyar jihar Bauchi. A ƙaddara wani dillalin riɗi a can ya gaji da littafin bashi da ke yagewa, ya kira wasu matasa uku daga Birnin Kudu ya ce su gina masa manhaja. Yana son yaransa huɗu su riƙa shigar da abin da suka saya daga kowane manomi, nawa aka biya, nawa ya rage, sannan manomi ya samu saƙon tes a wayarsa a matsayin shaida.

Abin da zuciya ke so shi ne a buɗe kwamfuta a fara zana shafuka masu kyau, domin nan ne ake ganin ci gaba da ido. Tawagar da ta san aiki kuwa takan fara da takarda, ta raba aikin gida biyu. Gida na farko abin da aka sani: shafin shiga, jerin sunaye, lissafin jimilla. Gida na biyu abin da ake zato kawai. Sai a tambayi kowane zato tambaya biyu: yaya girman rashin tabbas a kansa, kuma idan ya zama ƙarya mene ne zai rushe? Wanda ya yi nauyi a duka biyun shi ake fara sokawa. A wannan aiki, uku ne ke fitowa fili.

Gwaji na farko: ranar kasuwa da sabis

Sabis ɗin da ake samu a gari ranar da babu kowa daban yake da na ranar kasuwa. Turken sadarwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, idan dubban wayoyi da na'urorin POS suka taru a kansa lokaci ɗaya, waya na iya nuna cikakkun sanduna amma bayanai su ƙi tafiya. Mai gini da ke zaune a ɗaki da waifai ba zai san wannan ba sai ya je.

Gwajin kuwa ba shi da wahala. A rubuta manhaja mai maɓalli ɗaya, babu launi babu tambari, wadda duk lokacin da aka danna za ta tura ɗan bayani zuwa sabar ta rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka ko kuma ta rubuta cewa ya gaza. A sa ta a wayoyi biyu ko uku masu layuka daban-daban, a je kasuwa tun safe, a riƙa dannawa a rumfar dillalin da wurin sikeli har yamma. Idan aka dawo akwai lambobi a hannu. In yawancin saƙonnin sun wuce, manhaja mai dogaro da intanet za ta wadatar. In sun gaza, dole a gina wadda ke ajiye komai a cikin waya, misali da SQLite, ta tura daga baya. Bambancin waɗannan biyun a lokaci da kuɗi babba ne, kuma gara a san shi kafin a faɗa wa mai aiki farashi.

Idan amsa ta nuna sai an yi aiki ba intanet, wata tambayar za ta biyo baya. A ce yara biyu sun biya manomi ɗaya a wurare daban, kowa ya rage bashin a wayarsa, babu sabis. Da daddare duka wayoyin suka hau intanet. Wanne za a ɗauka? A Firestore na Google, wanda matasa da yawa ke amfani da shi, idan wayoyi biyu suka sauya gurbi ɗaya, wanda ya isa sabar a ƙarshe shi ke zama, na farkon ya shafe. Ma'ana kuɗin da aka biya zai ɓace daga lissafi ba tare da kowa ya sani ba. Gwajin awa uku da wayoyi biyu a yanayin jirgin sama zai tona wannan. Mafita kuma tana cikin littafin dillalin tun asali: ba a goge jimilla a sake rubutawa, kowane biya sabon layi ne, jimilla kuma lissafo ta ake yi.

Sai a haɗa da gwada ainihin wayoyin da yaran ke riƙewa. Ƙananan wayoyin itel da Tecno masu Android Go ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, kuma wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tanadin batir. Ko WorkManager, kayan aikin da Android ke bayarwa don ayyukan bayan fage, ba ya maimaita aiki a ƙasa da minti 15, kuma tsarin wayar na iya jinkirta shi fiye da haka. Mai gini ya bar wayar a aljihu awa biyu ya ga ko bayanan sun tafi da kansu.

Gwaji na biyu: harafi ɗaya mai ninka kuɗi

Wannan kusan babu bidiyon koyarwa na ƙasar waje da zai faɗa, domin matsalar Hausa ce. Saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160 a shafi ɗaya idan duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Haruffa masu ƙugiya, wato ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, ba sa cikin wannan jeri. Alamar naira ₦ ma ba ta ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin rubutu da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, idan kuma ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi 67.

A yi lissafi. Saƙo mai haruffa 150 shafi ɗaya ne. A rubuta kalmar kuɗi da ɗ ɗinta a ciki, ya zama shafi uku. Kamfanonin tura saƙo da yawa-yawa kuwa a kan shafi suke caji. Dillalin da ke tura wa manoma 500 saƙo zai biya kuɗin shafi 1,500. Idan matasan sun riga sun faɗa masa abin da zai riƙa kashewa a wata bisa lissafin shafi ɗaya, ranar da ya ga ainihin kuɗin yarda ta tafi.

Gwajin rabin yini ne. A buɗe asusu a kamfanin tura saƙo, a sa kuɗi kaɗan, a tura saƙo iri uku zuwa wayoyi daban-daban har da ƙaramar waya mai maɓallai: ɗaya da ƙugiya, ɗaya babu, ɗaya da alamar ɗauri kamar k' da d'. A duba abin da aka caje, a duba abin da ya bayyana a fuskar waya, domin wani lokaci alamar tambaya ko ɗan akwati ke fitowa a madadin harafin. Sannan a ba mutane biyar su karanta wanda babu ƙugiya. Yawanci mai jin Hausa yana ganewa daga mahallin magana, amma akwai kalmomin da ke sauya ma'ana, kamar ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, sai a kauce musu a saƙon da ya shafi kuɗi.

Haruffan nan suna da wani tarkon a wajen bincike. Yaro ɗaya ya shigar da sunan manomi da Ɗ, wani ya zo nema ya rubuta da D, manhaja ta ce babu shi, sai a buɗe masa sabon shafi, bashinsa ya rabu biyu. Dabarar da ake amfani da ita wajen cire alamomin saman haruffan Faransanci ba ta aiki a nan, domin a tsarin Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa alama. Dole mai gini ya rubuta nasa ɗan jadawalin da ke mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b a lokacin bincike. Layi goma ne na kod idan an gano da wuri. Idan an gano bayan an shigar da sunaye dubu biyu, aikin tsefe rumbun bayanai ne na makonni.

Gwaji na uku: za su yi amfani da ita kuwa?

Ana raba sifaik gida biyu. Na fasaha yana tambayar ko abu zai yiwu, kamar biyun da suka gabata. Na amfani yana tambayar ko abin da ake shirin ginawa shi ne ake buƙata. Wannan na biyun sau da yawa ba ya buƙatar kod ko layi ɗaya.

A zana shafukan manhajar a kwali da biro, a je rumfa, a miƙa wa yaron dillali a ce ya nuna inda zai taɓa idan manomi ya kawo buhu biyu da kwano bakwai. A nan ne za a gane ko ana awo da kilo ne ko da kwano ko tiya, ko kuma duka ukun dangane da wanda ya kawo kaya. A nan za a ji maganar la'ada, kuɗin dako da kuɗin buhu, waɗanda mai aiki bai ambata ba saboda a wurinsa kowa ya san su. A nan za a ga cewa a tsakiyar ciniki, manoma goma na jira, hannu duk ƙura, rana na haska fuskar waya, babu mai lokacin cike gurabe takwas. Wataƙila gurabe uku ne za su yiwu, sauran a cike da yamma. Wataƙila ma yaron ya fi sabawa da saƙon murya na WhatsApp fiye da rubutu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. M-Pesa ta Kenya, da aka fara gwajinta a 2005, an tsara ta ne don biyan bashin ƙananan rance. A lokacin gwajin aka lura mutane na amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi, sai Safaricom ta ƙaddamar da ita a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Wancan gwaji ya ɗauki watanni, ya fi sifaik girma nesa ba kusa ba, amma tushen ɗaya ne: abin da mutane ke yi da hannunsu ya fi abin da suke faɗa da baki nuna gaskiya.

Yadda ake tsara shi

Sifaik mai kyau yana shiga rabin shafin takarda, kuma yana da abubuwa huɗu.

Tambaya guda ɗaya mai amsa. Cewa a binciki aiki ba intanet ba tambaya ba ce, take ne. Tambaya ita ce: idan wayoyi biyu suka shigar da biya ga manomi ɗaya babu sabis, duka biyun za su bayyana bayan an daidaita?

Wa'adi. Awa huɗu, yini ɗaya, kwana biyu. Idan ya cika a tsaya, ko an samu amsa ko ba a samu ba. Rashin samun amsa a cikin wa'adi shi ma bayani ne: abin ya fi yadda ake zato wuya, sai tawaga ta zauna ta yanke ko a ƙara lokaci ko a sauya hanya.

Ma'auni da aka amince da shi tun kafin a fara. Misali, idan saƙo tara cikin goma suka isa sabar a ƙasa da daƙiƙa goma, za a dogara da intanet. Idan ba a sa ma'auni tun farko ba, mutum zai lanƙwasa sakamako ya dace da abin da yake so.

Rubutaccen sakamako. Layi biyar sun isa: abin da aka gwada, a wace waya, abin da aka gani, shawarar da aka yanke. A ajiye shi inda kowa zai gani, ko da a zauren WhatsApp na tawagar ne. Bayan wata shida idan wani ya tambayi dalilin da ya sa saƙonnin ba su da ƙugiya, amsar na nan.

Inda ake zamewa

Tarko na farko shi ne kod ɗin gwaji ya zama na gaske. An rubuta shi cikin gaggawa, kalmar sirri a fili, babu kula da kuskure, amma da yake ya yi aiki kuma mai aiki ya gani ya yaba, sai a ci gaba da ɗora gini a kai. A manhajar da ke riƙe da sunaye, lambobin waya da bashin mutane wannan haɗari ne, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ke ɗora alhaki a kan masu tattara irin waɗannan bayanai. A rubuta gwaji a jaka daban, da bayanan bogi, a goge shi idan an gama.

Na biyu, gwajin da ba ya ƙarewa. Mutum ya shiga don amsa tambaya ɗaya, ya ga sabon kayan aiki, ya bi bidiyo daga wannan zuwa wancan, mako ya wuce. Koyo abu ne mai kyau, amma ba a kan lokacin mai aiki ba.

Na uku, a mayar da komai gwaji don tsoron ɗaukar alƙawari. Idan tawaga ta san yadda ake abu, ta yi shi kawai. Sifaik na wurin da jahilci da haɗari suka haɗu ne.

Na huɗu sabo ne. Kayan ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna rubuta kod ɗin gwaji cikin mintuna, wannan kuwa ya sauƙaƙa dabarar ƙwarai. Amma amsar da suka bayar ba ta maye gurbin gwajin. Ba su san ƙarfin sabis a rumfar riɗi ta Sara da azahar ba, ba su san wayar da ke aljihun yaron dillali ba. A sa su rubuta kod ɗin, a ɗauki wayar a tafi kasuwa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya cikin kod. Sabon asusun mutum ɗaya a Google Play, wanda aka buɗe bayan Nuwamban 2023, ba ya iya sakin manhaja ga jama'a sai an yi gwajin rufe na kwana 14 da wasu adadin mutane, 20 da farko, daga baya aka rage zuwa 12. Wanda ya yi alƙawarin miƙa aiki ranar Juma'a bai karanta wannan ba, ya riga ya makara da mako biyu. Karanta sharuɗɗan dandali ko na kamfanin biyan kuɗi na awa ɗaya shi ma sifaik ne.

Yadda za a shawo kan mai aiki

Mai kuɗi ba ya son jin cewa zai biya aikin da za a jefar. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba yarjejeniya biyu. A gaya wa Alhaji cewa akwai abubuwa uku da ba za a iya yanke farashinsu da gaskiya ba sai an zo rumfarsa ranar kasuwa, makon farko na wannan ne, kuɗinsa kaɗan ne, a ƙarshensa kuma za a kawo masa takarda ɗaya mai ɗauke da abin da aka gano, farashin gaskiya da ranar gamawa. Idan sakamakon ya nuna aikin ya fi ƙarfin aljihunsa, ya yi asarar kuɗin mako ɗaya ne maimakon na wata huɗu. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan lissafi.

Ga matashin kuma ribar ta fi yawa. A gari kamar Birnin Kudu ko Gwaram kowa ya san kowa, aikin farko da ya lalace yana rufe ƙofofi goma, wanda ya yi kyau kuma shi ke kawo na biyu. Wanda ke aiki shi kaɗai ma ba ya buƙatar tawaga ko allon Scrum kafin ya fara. Kafin ya buɗe kwamfuta a sabon aiki, ya rubuta zato biyar da yake yi game da sabis, waya, harshe, kuɗi da mutanen da za su riƙe manhajar. Ya ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi ba shi tsoro, ya ba shi kwana biyu, ya fara da shi.